Fayif a Lungun Yaya

Ɗan lungu ne kawai ya raba gidan Auta da na yayanta, faɗinsa bai wuce taku huɗu ba. Gidan Auta ya ɗan fi tudu. Shekara tara tun da aka kawo ta gidan, in an yi ruwan sama sai ya taru a tsakar gida, ya fita ta rariyar da ke gindin katanga, ya bi lungun ya gangara babbar kwatar bakin titi. Ba wanda ya taɓa tsayawa ya yi tunaninsa.

Auta tela ce, kekenta yana ɗakin gaba kusa da taga. Mijinta walda yake yi a bakin kasuwa, kowa Mai Walda yake ce masa, har surukarsa. Mutum ne siriri, idonsa kullum ja saboda wutar aiki, ba ya son magana ta yi tsawo. Yayan nata kuwa soja ne, ya yi shekara ashirin da biyar cikin kaki kafin ya dawo gida da ƙaton wuya da muryar da ke firgita kaji. Saja ake ce masa. Ya girmi Auta da shekara goma sha shida, shi ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinsu, kuma har yanzu in ya kira ta sai ta ajiye abin da ke hannunta. Mahaifiyarsu, Inna, a gidansa take zaune.

Da Saja ya bar aiki ya sayi mota, sai ya rasa inda zai ajiye ta. Wata Asabar aka ga leburori suna zuba kankare a lungun. Kafin la'asar sun shafe shi tas, har da bakin rariyar.

Mai Walda ya dawo ya gani. Ya daɗe tsaye hannu a aljihu, sannan ya je ya yi sallama.

"Yaya, an rufe mana rariya."

"Na gani," in ji Saja. Yana kan kujera yana yanke farce. "Lungun nan a cikin takardar filina yake. Shekara tara ina shaƙar ruwan wankinku ban ce komai ba."

"Ruwan sama ne, Yaya. Na wanki daban muke zubarwa."

"To ka gaya wa saman ta canza hanya."

Ruwan farko da aka yi ya tsaya a tsakar gidan Auta har idon sawu, ya kwana uku bai tafi ba. Na biyu ya shiga ɗakin ɗinki ya jiƙa yadin wata mata da Auta ta riga ta yanka. Bango ya fara yin baƙi daga ƙasa, fenti yana ɓarewa kamar ɓawon ƙwai. Katifa ta ɗauki wari. 'Yan matansu biyu suka kama tari, sauro ya mai da gidan nasa. Auta ta je wurin Inna ta yi magana, Inna ta yi wa Saja magana, Saja ya ce kankaren da ya bushe ba ya jin lallashi, shi ma haka.

Ranar da Mai Walda ya je sayen fayif tare suka tafi da Auta, don ta ce ba ta yarda da fuskar mijinta ba. Mai shagon tsoho ne mai tabarau ɗaure da zare, fayif jingine a bayansa kamar dajin gora. Bai tashi ba sai da ya gama tambayoyinsa.

"Ɗaki nawa ne rufinsu ke zuba a tsakar gidan?"

"Huɗu, da kicin," in ji Auta.

"Ƙasa ce ko daɓe?"

"Daɓen siminti."

"To duk ɗigon da ya sauko naku ne, ƙasa ba za ta sha muku ko cokali ba." Ya miƙe ya jawo wani fari ya danna shi da babban yatsa, fayif ɗin ya lotsa. "Wannan inci huɗu ne marar kauri. Na ruwan wanke hannu ne, rana biyu ta gasa shi ya zama biskit. Wannan mai ruwan toka shi ma inci huɗu ne, amma da kauri. Wancan baƙin mai huji-huji ba naku ba ne, na binnewa cikin tsakuwa ne inda ƙasa ke riƙe laima. Ku inci shida mai kauri ya kamace ku, a binne shi, a ba shi gangara, a sa raga a bakinsa saboda ganye da leda. Ina zai zuba?"

Mai Walda ya gaya masa yadda lungun yake.

"Ai da sauƙi. A yanka kankaren siriri, a kwantar da fayif uku har kwata, a mayar da siminti. Mota ta hau abinta, ruwa ya wuce ta ƙarƙashi."

"Mai kankaren ba zai yarda ba."

"Wane ne shi?"

"Yayana ne," in ji Auta.

Tsohon ya sauke tabarau ya dube su ɗaya bayan ɗaya. "To ku je ku sayo yardarsa tukuna. Ita ba na sayar da ita a nan."

"Ba ni mai ruwan tokar nan guda ɗaya," in ji Mai Walda.

"Guda ɗaya ba zai kai kwata ba."

"Zai fita daga gidana. Iyakarsa ke nan."

Auta ta taɓa hannun rigarsa. "Baban yara, mu ƙara yi wa Yaya magana."

"Sau nawa? Ni na toshe hanya?"

A ranar ya cike kwanar tsakar gidan da ta fi zurfi, ya huda katanga ɗan sama da kankaren Saja, ya zura fayif ɗin ya liƙe gefensa da siminti. Bakin ya leƙo lungun kamar tsawon kamu ɗaya.

Kwana biyar bayan nan aka yi ruwa da hantsi. Tsakar gidan Auta ta tsane kafin a ɗauke. Amma leburorin Saja ba su iya aiki ba, kankaren nasu ya karkata zuwa ƙofarsa. Duk abin da fayif ɗin ya amayar sai ya bi ta ƙarƙashin mota ya shige gidan Saja kai tsaye, har cikin falo.

Auta tana kan keke ta ji ƙarar farko. Ta leƙa ta taga ta ga yayanta cikin singileti, guduma a hannu. Duka ɗaya bakin fayif ɗin ya tarwatse, ɓarɓashin robar ya watsu har titi. Bai tsaya ba. Ya ci gaba da dukan katangar wurin hujin, bulo yana zubowa, yana kiran Mai Walda da sunayen da Auta ba ta taɓa ji a bakinsa ba.

Mai Walda bai fita aiki ba saboda ruwan. Ya fito ba takalmi.

"Yaya, katangata ce kake rusawa."

Saja ya yar da gudumar ya shaƙo wuyan rigarsa, ya ɗaga shi har sai da ya tsaya a kan yatsun ƙafa. Maƙwabta sun riga sun fito, mai kantin ƙofar layi da direban da ke haya a gidan gaba da mata a bakin ƙofofi.

"Ni za ka juye wa ruwa a falo? Ni na ba ka matar da kake taƙama da ita!"

Ya kwaɗa masa mari. Ƙarar ta yi kamar an jefar da faranti a siminti. Ya ƙara masa da bayan hannu, leɓen Mai Walda ya fashe. Sannan ya tura shi ya faɗi zaune cikin ruwan da ke kwance a kankaren.

Auta ta shiga tsakani. "Yaya, don Allah! Don girman Allah, Yaya!"

"Ke koma ciki."

Ta ji ƙafarta ta fara juyawa da kanta, kamar yadda ta saba tun tana yarinya. Sai ta tsaya ta kama hannun mijinta. Mai Walda ya fizge, ya tashi da kansa, ya tofar da jini, ya shige gida.

Kwana biyu bai ci abincin kirki ba. A na uku ya dawo daga aiki da amalanke, a kai akwai fayif ɗin ƙarfe baƙi mai kaurin gaske, irin na rijiyar burtsatse, da injin waldarsa.

"Me za ka yi da wannan?" Auta ta tambaya.

"Zan canza fayif. Tsohon nan ya ce a sa mai kauri."

"Bai ce ƙarfe ba."

"Roba guduma ke fasa ta. Wannan in ya daka, hannunsa ne zai gaya masa."

Ya auna ya yanka, ragowar da ta kai tsawon hannu ya jingine ta a bayan ƙofar gida. Ya yi wa fayif ɗin ƙafafu na rodi ya dasa su cikin katanga, ya zuba siminti mai yawa. Da ya zo kan bakin sai ya yi masa gwiwa, ya lanƙwasa shi yana kallon ƙofar Saja sosai. Auta tana tsaye tana kare ido daga tartsatsi.

"Baban yara, ka juya bakin nan ya kalli titi."

Ya ɗaga gilashin fuskarsa. Leɓen bai gama warkewa ba. "A gaban mutane ya mare ni, Auta. A gaban mai kanti. Jiya na je sayen sabulu mutumin ya kasa kallon idona."

"Yayana ne. Shi ya riƙe ni."

"Na sani. Ya gaya wa layi duka."

Ya sauke gilashin ya ci gaba.

Saja ya fito da yamma ya ga aikin. Ya zagaya shi, ya ƙwanƙwasa shi da makullin mota, ya yi dariya ta hanci, ya koma ciki. Bai ɗauko guduma ba. Auta ta fi jin tsoron wannan dariyar a kan ashar ɗin da ya yi. Abin da ba su sani ba shi ne washegari, bayan Mai Walda ya tafi aiki ita kuma ta kai ɗinki, Saja ya cusa tsummokara cikin fayif ɗin da sanda, ya bi su da kwaɓaɓɓen siminti har tsawon hannunsa. Daga waje ba a ganin komai sai duhun bakin. Aka yi mako guda ba ruwa, simintin ya zama dutse.

Ran Lahadi da azahar hadari ya haɗo baƙi ƙirin. Auta ta kwashe shanya, ta tura 'yan matan ɗaki. Ruwan ya sauko kamar ana juye duro. Cikin ɗan lokaci tsakar gida ta cika, bokiti da takalma suna yawo. Ruwan ya haye dokin ƙofa ya shiga ɗakin kwana, ya shiga ɗakin ɗinki ya kai ƙafar keke, sannan ya wuce ta. Ƙaramar 'yar ta hau kan gado tana kuka.

Mai Walda ya shiga ruwan har gwiwa ya lalubi ragar fayif ɗin, ya cire ta ya zura rodi. Rodin ya shiga kaɗan ya daki abu mai tauri. Ya sake bugawa. Ya zaro ya ga farar ƙurar siminti a kan tsinin.

Bai yi ihu ba. Ya ajiye rodin a hankali, ya shiga ɗakin ajiya ya fito da diga.

"Baban yara! Ina za ka?"

"Zan buɗe rariya."

Ta bi shi har lungu, ruwa yana dukan fuskarta. Ya ɗaga digar ya sauke a kan kankaren, daidai inda tsohuwar rariyar take. Kankaren ya tsage. Ya ƙara, ya ƙara, gutsattsari suna tashi. Motar Saja tana nan dab da shi. A ɗagawa ta biyar ko ta shida bayan digar ya sami gilashin baya, ya zube gaba ɗaya kamar gishiri. Mai Walda ya waiga ya dubi ramin da ya yi a motar. Sai ya juyo da gangan ya sauke digar a kan but ɗin motar, ya sake saukewa a kan fitila.

Ƙofar Saja ta buɗe da ƙarfi.

Mai Walda ya juya da digar a sama. Auta ta ga cewa da gaske yake, kan yayanta ya nufa. Saja ya goce, bakin digar ya yage masa damtse ya wuce ya daki bango. Jini ya biyo ruwa ya sauka har yatsunsa. Ko kallon ciwon bai yi ba. Ya kama ƙotar da hannu ɗaya, ya sa goshi ya daki hancin Mai Walda. Auta ta ji ƙarar ƙashi duk da rugugin ruwan. Digar ta faɗi.

Suka rungumi juna suna tangaɗi. Mai Walda ya sa haƙori a kunnen Saja ya datse, Saja ya yi gurnani ya nausa masa gwiwa a ciki sau biyu. Ƙafarsu ta zame a kan santsin kankaren, suka faɗi suka gangara, wannan a sama, wancan a sama, har bakin titi. Auta tana biye tana jan rigar duk wanda hannunta ya samu. Gwiwar hannun wani ta same ta a ido ta faɗi zaune. Ba kowa a titi. Duk layin sun rufe ƙofa saboda ruwan.

Babbar kwatar ta cika ta batse, ruwa ja yana gudu da leda da robobi. A nan Saja ya samu ya hau kan bayan Mai Walda. Ya murɗe masa hannu ɗaya ta baya, ya dafa ƙeyarsa ya danna kansa cikin ruwan.

Ya ɗago shi. "Wa ya fasa mini mota?"

Mai Walda ya yi tari, ruwa da jini suna fita ta hanci. Kafin ya ja numfashi Saja ya sake dannawa.

"Yaya!" Auta ta rarrafo ta kama hannunsa. "Yaya, zai mutu! Uban 'ya'yana ne!"

Ya hankaɗe ta da kafaɗa. Ta ga idonsa. Ba ita yake kallo ba, ba ma layin yake gani ba. Ta kira shi da sunan da Inna kaɗai ke kiransa da shi, bai ji ba. Ƙafafun Mai Walda suna dukan ƙasa, takalmi ɗaya ya fita. Sannan dukan ya fara raguwa.

Auta ba ta tuna gudun da ta yi zuwa ƙofar gida ba. Ta dai tuna sanyin ragowar ƙarfen da ke jingine a bayan ƙofar, da nauyinsa, da yadda ta kama shi hannu biyu. Da ta dawo ƙafa ɗaya ce kawai ke motsi.

Ta sauke shi a kafaɗar Saja ta dama. Wani abu ya ɓalle a ciki da ƙara irin ta busasshen ice. Saja ya yi ihu amma bai saki ba, ya ƙara danna nauyinsa. Ta sake ɗagawa ta sauke a kan hannun da ke riƙe da ƙeyar. Hannun ya lanƙwashe inda ba gaɓa. Ya juyo da fuska yana kallonta, baki buɗe, kamar zai tambaye ta wani abu. Na ukun ya riga ya taho, ba ta iya tsayar da shi ba. Ya same shi a bayan kunne.

Saja ya kife cikin kwatar.

Ta yar da ƙarfen ta kama ƙafar mijinta ta ja shi baya har kansa ya fito. Ya kwanta ba motsi. Ta waiga ta ga ruwa yana jan yayanta zuwa bakin kwalbati, fuskarsa a ƙasa. Ta faɗa ciki har ƙirji, ta cafko singiletinsa ta yage, ta cafko bel ɗin wandonsa. Ya fi ƙarfinta nesa ba kusa ba. Ta tokare ƙafa da bangon kwatar, ta tallafo haɓarsa sama da ruwa, ta buɗe baki ta yi ta kururuwa har muryarta ta dushe.

Direban gidan gaba ne ya fara fitowa, sai mai kanti. Suka ciro Saja, suka ciro ta. Mai kanti ya kifa Mai Walda yana danna bayansa har ya amayar da ruwan kwata ya fara tari. Inna ta fito ba mayafi, ta tsaya cikin ruwan tana duban ɗanta kwance da surukinta kwance da 'yarta durƙushe a tsakaninsu. Idonta ya sauka a kan ƙarfen.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ce, Inna."

Inna ta matso. Ta sunkuya ta ɗauki ƙarfen da ƙyar ta jefa shi cikin kwatar.

A motar direban aka kai su asibiti, su biyun a kujerar baya, kan wannan yana karo da kafaɗar wancan. Mai Walda ya yi kwana shida, hanci a karye, ruwan datti a huhu. Saja ya yi mako uku. Ƙashin wuyan kafaɗa ya karye, hannu ya karye gida biyu, kunnen hagu an ɗinke, na dama kuma ya daina ji.

'Yan sanda sun zo gadon Saja a kwana na biyu. Matarsa ce ta ba da labari daga baya. Suka tambaye shi wa ya yi masa haka, ya ce santsi ne ya kwashe shi ya faɗa kwata.

"Santsi ne ya cije ka a kunne?" in ji ɗan sandan.

"Ka taɓa faɗawa kwatar layinmu?" in ji Saja. "To kar ka yi mini gardama."

Da Auta ta ji haka ta yi kuka, ta ce Yaya ya rufa mata asiri. Matar Saja ta taɓe baki. "Ba don ke ba ne. Cewa ya yi gara ya mutu da a rubuta a takarda mace ce ta kwantar da shi."

Sau huɗu Auta tana zuwa asibitin da kwanon abinci. Duk zuwan da ta yi sai ya juya fuska bango. A na huɗun ta durƙusa a gefen gadon ta ce, "Yaya, ka yafe mini. Da ban yi ba da yanzu kana ɗaure, shi kuma yana ƙasa." Matarsa ta ce mata ta ɓangaren kunnen da ya mutu take magana. Ta zagaya ɗaya gefen ta maimaita. Ya rufe ido.

Tun mazan biyu suna kwance Inna ta sa aka kira mata tsohon mai shagon fayif. Ya zo da tef ɗin awo da leburori biyu. Ta sa aka fito mata da kujera bakin lungun ta zauna da carbi a hannu.

"Hajiya, mai kankaren ya yarda?" tsohon ya tambaya.

"Ni na haifi mai kankaren. Yanka."

Aka tura motar gefe, aka yanka kankaren siriri tun daga tsohuwar rariya har kwata. Aka kwantar da inci shida mai kauri guda uku a kan yashi, tsohon yana zuba ruwa da buta yana duba gangara. Fayif ɗin ƙarfen kuwa ya ƙi fita. Leburorin suka yi ta fama har rana ta karkata, daga ƙarshe sai da aka rushe bulo tara aka ciro shi da ƙafafunsa.

"Wanda ya yi waldar nan ya iya aiki," in ji tsohon yana share gumi. "Allah ya shirye shi."

Ruwa bai ƙara kwana a gidan kowa ba. Mai Walda ya koma aiki bayan wata guda, da karkataccen hanci da tarin da ke taso masa in ya shaƙi hayaƙi. Bai taɓa yi wa Auta godiya ba, bai kuma taɓa tada maganar ba. Amma ta lura in ta ɗauki wani abu mai nauyi, ko da taɓarya ce, sai ya bi hannunta da kallo. Saja ya sayar da motar yadda take, don hannun dama ya daina kai wa sitiyari. Inna tana zuwa gidan Auta kullum da safe ta sha shayi, ba ta kawo gaisuwar kowa, ba ta kai ta kowa.

Bayan damina ta wuce, wata ranar Talata, Auta tana dawowa daga kai ɗinki ta hango yayanta a bakin layi. Ya sauko daga motar haya da tukunyar gas, yana jan ta da hannun hagu, yana tsayawa duk bayan taku biyar. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ta rage tafiya, ta yi tunanin komawa ta bi ta bayan layi. Sai ta ƙarasa, ta zagaya ta gefen hagunsa.

"Yaya, ina wuni."

Ya ci gaba da jan tukunyar. Ta sa hannu ta kama ɗaya kunnen tukunyar. Ya tsaya ya dubi hannun nata, ya daɗe yana dubansa.

"Saki," ya ce.

"Ƙofar gida kawai zan kai maka."

"Na ce saki, Auta."

Ta saki. Ya ja tukunyar ya yi gaba, gindinta yana kartar ƙasa. Ta bi shi a baya da tazarar taku kaɗan, in ya tsaya ta tsaya, har ya kai ƙofarsa ya tura ta da ƙafa ya shiga. Ta jira ta ji ya sa sakata, sannan ta wuce gida ta ɗora tukunyar rana, don 'yan matan sun kusa tasowa daga makaranta.